Takaba a Ɗakin En'e

Laraba, 3 ga Muharram 1353, bayan la'asar

Bismillahi. Na sami ragowar takardunka cikin gafaka, da alƙalami biyu. Tawada ta bushe, na zuba mata ruwa. Tunda ba ni da wanda zan gaya wa, kai zan gaya wa, maigida. Shekara tara ban taɓa kiran sunanka ba, yau zan rubuta shi sau ɗaya in gani: Mukhtari. To ga shi nan, ƙasa ba ta tsage ba. Allah ya jiƙanka.

Saura kwana talatin da tara in fita takaba. Kowace safiya ina jan layi ɗaya da gawayi a bayan ƙofa, tun washegarin ƙaramar salla da anka ɗauke ka daga ɗakin nan. Yau layi tamanin da tara. Liman ya ce mace a ɗakin da mijinta ya bar ta take takaba. Da rana tana iya fita neman abin da za ta ci, amma kwana sai nan. Ɗakin kuwa ka san ba namu ba ne, na En'e ne, na ma'aikatan lambar agana. Malam Halliru da anka aiko daga Sakkwato ya maye gurbinka yana da gida cikin gari, shi ya sa ya ce muddin ina riƙe da rumfar mata, ɗaki nawa ne. Ran da na saki rumfa, na saki ɗaki.

Aikin yana nan yadda ka bar shi. Duk macen da ta ƙetaro daga Ƙonni sai ta biyo rumfata, in duba dantsenta ko akwai tabon lamba, in duba fuska da tafin hannu, in kwance goyo in duba ɗa. Wadda ba ta da lamba in yi mata. Wadda na ga ƙurji a jikinta, Baba Dabo dogari ya raka ta bukkokin bayan gari. An ce agana ta yi yawa a ƙasar Faransa, can wajen Ƙonni, bana.

Kwana talatin da tara ne kawai. Ko jaki yana iya wannan.

Alhamis, 4 ga Muharram, hantsi

Na yi barci tun bayan isha har rana ta fito, na tashi kamar wadda ta wuni daka. Yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa sai da na tsoma su cikin ruwan ɗumi. Salla a zaune.

Lahadi, 7 ga Muharram, magariba

Kasuwar Illela. Mata sun fi ɗari. Na daina ƙirga su bayan azahar.

Abin da ke fuskata ya dawo. Ka tuna shi, wancan da ya fito mini bara da bazara, daga kunci zuwa kunci ya haye karan hanci, kana ce mini kwalliya ce Allah ya yi mini kyauta. Bana ya fi duhu, yana zafi kamar an goga barkono. Ba agana ba ce, na fi kowa sanin agana a garin nan, ga kuma lambata da kai ka yi mini da hannunka. Amma je ka gaya wa matan Ƙonni haka. Mai duba ƙurji ga ƙurji a fuskarta.

Takaba ta rufa mini asiri. Ina jawo mayafi har bisa hanci, ba mai cewa komi, sai ma a ce kai, matar Malam akwai kunya. Wata tsohuwa mai kuka da daddawa har addu'a ta yi mini saboda haka. Na amsa amin ina jin kamar in kwanta nan cikin ƙasa in yi barci a gabanta.

Saura talatin da biyar.

Laraba, 10 ga Muharram, bayan azahar

Ranar cika-ciki. Inna Baraka maƙwabciyarmu mai kitso ta kawo mini tuwo da wutsiyar ragon layyarsu. Loma uku na yi. Bakina duk gyambo ne daga ciki, miya tana shiga kamar wuta.

Ta zauna ta zuba mini ido, ta ce, "Dije, mi ad damuwarki? Kin zama awa kara."

Na ce gajiya ce.

Ta ce, "Gajiyar mi? Ke da ba ki daka, ba ki surfe, ba ki da goyo. Zama kikai cikin inuwa kina kallon hannuwan mutane."

Ban ji haushinta ba, gaskiyarta ce. Ni kaina abin da nake tambayar kaina ke nan. Yaya zan gaya mata cewa ɗaga buta yana yi mini kamar ɗaga tulu? Cewa in na kai ƙofar rumfa daga ɗaki, taku sittin, sai na dafa ginshiƙi na huta? Wanda ya ga jini ya san rauni. Ni ba jini, ba karaya, sai dai kamar an huda ni wani wuri ƙarfin yana tsiyaya.

Ta ce sanyi ne ya shige ni saboda kwana ni kaɗai a ɗakin da anka yi jinya. Maganinsa rana. In riƙa zama cikin rana da hantsi, in buɗe fuska da hannuwa, har zufa ta fitar da shi. Ta kawo saiwa ta ce in jiƙa. Zan gwada, mi zan rasa.

Juma'a, 12 ga Muharram, hantsi

Na zauna cikin rana jiya da yau, a bayan ɗaki inda ba mai gani.

Asabar, 13 ga Muharram, la'asar

Zazzaɓi. Gwiwoyi sun kumbura. Fuskar ta yi muni, har ta sauko wuya. Inna Baraka ta ce alama ce mai kyau, ciwon ne ke fitowa. Allah ya sa.

Gobe kasuwa.

Lahadi, 14 ga Muharram, magariba

Ba abin rubutawa yau.

An yi rana. Mutane sun yi yawa. Ayarin masu kanwa ya iso da azahar daidai lokacin da kaina ke juyawa.

Saura ashirin da takwas.

Litinin, 15 ga Muharram, hantsi

Ba kowane goyo ne ake kwancewa ba. Kai ma ka sha cewa ido yana sanin mai lafiya. Yaro in yana barci, ai zalunci ne a tashe shi cikin wannan zafi.

Ka sha faɗa, ko ba ka faɗa ba? Na kasa tunawa.

Alhamis, 18 ga Muharram, bayan azahar

Malam Halliru ya leƙo rumfa ya same ni kaina bisa gwiwa. Na ce tasbihi nake yi. Ya tsaya daga waje, ya juya baya yadda ya kamata, ya ce, "Matar Malam, in aikin ya yi miki nauyi ki faɗa. Akwai 'yar ƙanwata Lubabatu, tana da karatu, hannunta da sauri. Ta riƙe miki kwana biyu."

Kwana biyu. Na san irin kwana biyun nan. Wadda ta zauna bisa tabarmar rumfa kwana biyu, da mijinta da kayanta za ta tare a ɗakin.

Na ce, "Lafiyata lau, Malam. Allah ya saka da alheri."

Ya ce, "To madalla. Likita na tahe farkon Safar."

Ba mugu ba ne, kar ka ce na ce. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma yana da wani littafi da yake rubuta lokacin da kowa ya fito, kuma na ga ya dubi inuwa kafin ya dube ni.

Na daina zama cikin rana. Ban gaya wa Inna Baraka ba. Na lura duk ranar da na sha rana, washegari ba ni iya tashi. Ita kuwa ta rantse rana ce magani, uwarta ma da ita ta warke. To ni tawa ranar daban ce.

Asabar, 20 ga Muharram, asuba

Na ja layi. Gawayin ya faɗi sau biyu daga hannuna.

Lahadi, 21 ga Muharram, magariba

Yau na kwance kowane goyo. Kowane ɗaya. Har wata Ba'adara ta zage ni, ta ce ɗanta ba kayan kwastan ba ne. Na kwance, na duba baya, na duba tafin ƙafa, na duba bayan kunne. Da na gama, Baba Dabo ya kawo mini ruwa a ƙoƙo.

Mi ya hana in yi haka ran nan?

Na cika randar da muke ajiye ruwan lamba da jiƙaƙƙen yashi yadda ka koya mini, kada zafi ya kashe shi. Guga biyu. Na yi su cikin tafiya shida.

Saura ashirin da ɗaya.

Talata, 23 ga Muharram, hantsi

Na cire kallabi don in yi wanka, gashi ya biyo shi. Ba kaɗan ba. Na dunƙule shi na tura cikin ramin bango. Mai takaba ba ta kitso, ba ta shafa mai, saboda haka ba wanda ya ga kaina tun Shawwal. Inna Baraka kuwa kullum zancenta ke nan, ran fita takaba za ta yi mini kitson da Illela ba ta taɓa gani ba, ta riga ta sayi lalle.

Na yi dariya ni kaɗai. Daga baya na yi ɗayan.

Juma'a, 26 ga Muharram, bayan la'asar

Baba Dabo ya ce an ce akwai rashin lafiya a Kalmalo, gidan wani masunci. Yara biyu.

Zazzaɓin bazara ne. Kowace shekara ana yi.

Asabar, 27 ga Muharram, azahar

Na gaji.

Lahadi, 28 ga Muharram, magariba

Huɗu yanzu a Kalmalo. Malam Halliru ya hau jaki ya tafi da kansa, ya dawo bai biyo ta rumfa ba. Na ji yana wanke hannu a bakin rijiya, ya daɗe yana wankewa.

Baba Dabo ne ya gaya mini, a tsaye, yana kallon sandarsa. Agana ce. Matar ƙanin masuncin ta zo musu daga wajen Ƙonni da jariri, mako biyu ke nan, ranar kasuwa. Jaririn ya rasu kwana huɗu da zuwansu, sunka rufe shi ba su gaya wa kowa ba don tsoron bukkoki.

Ya ce, "Wataƙila ta daji ta biyo. Suna yi."

Na ce wataƙila.

Ya ce, "Ni dai ban ga komi ba ran nan. Ina wajen masu kanwa."

Ban tambaye shi ko wace rana ba, shi ma bai faɗa ba.

Saura sha huɗu. Ya Allah, sha huɗu ne kawai.

Talata, 30 ga Muharram, hantsi

Matar nan mai jariri, zanenta baƙi ne mai saƙi, da bakin ja. Tana da tsaga uku-uku. Ta ce mini, "Yaya, barci yakai, tun Ƙonni yake kuka sai yanzu ya samu." Ta rufe shi har kai da mayafi cikin wannan zafi. Na gani. Na ga ta rufe shi har kai.

Ba zan ƙara rubuta wannan ba.

Alhamis, 2 ga Safar, la'asar

Hadari ya haɗu gabas ya watse. Ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Na je rumfa ba takalmi, ƙasa kamar tanda.

Inna Baraka ta kawo rubutun sha daga wajen Liman. Na sha. Ta ce ko in bari a kai ni Gidan Katta wajen yayana in huta. Na ce in na kwana wani wuri takaba ta lalace. Ta ce, "Liman ya ce lalura tana halatta komi, ɗiyata." Na sani. Na karanta abin da Liman ya karanta. Ba don Liman nake yi ba.

A ɗakin nan ka yi kwana sha ɗaya kana jinya. Ran na goma ka ce mini, "Dije, ba ni da gida, ba ni da gona, ban bar miki ɗa ba. Wanga ɗaki ma aro ne." Na ce maka ka yi shiru, a nan zan zauna maka har kwanakin su cika, ko ɗaya ba zan rage ba. Ka yi murmushi. Abin da na iya ba ka ke nan duk zamanmu, kuma shi kaɗai ka tafi da shi.

Saura goma.

Lahadi, 5 ga Safar, magariba

An hana kasuwa. An sa dogarai a hanyar Kalmalo. Shida sun kamu, biyu sun rasu. Ɗayan yarinya ce, sunanta Ummu, shekararta biyar. Ban tambayi sunan ba, Inna Baraka ce ta faɗa tana tsinke zogale.

Rumfa ba kowa. Na zauna wuni guda ina kallon hanya, ban yi barci ko ƙiftawa ba. Yau da ba a bukata.

Laraba, 8 ga Safar, bayan la'asar

Likita ya iso da hantsi, Bature dogo mai jan wuya, da tafintansa. Anka ajiye masa kujera gindin itacen bedi. Ya duba randa, ya taɓa yashin, ya ce da kyau. Ya duba littafin Malam Halliru ya daɗe. Sannan anka kawo uwar jaririn daga bukkoki, ta tsaya nesa, da zanen nan mai bakin ja. Ba ta da goyo, amma hannunta yana komawa baya yana gyara abin da babu.

Tafinta ya tambaye ta ta ina ta shigo. Ta ce ta daji. Ya sake tambaya, ta ce ta daji, ita kaɗai, ba wanda ya gan ta. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Baba Dabo ya ce shi bai gan ta ba. Malam Halliru ya ce daji da faɗi, ranka ya daɗe, dogari ɗaya ba ya tsare shi. Likita ya gyaɗa kai, ya ce gobe a ƙone bukkar da ta sauka a Kalmalo, ita kuma a kai ta gaban alƙali saboda ta tsallake rumfa da gangan.

Shi ke nan fa, maigida. An gama. Kwana huɗu ya rage mini. In yi shiru kawai, abin da na fi iyawa duk watannin nan.

Sai na ji bakina yana magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, ta rumfa ta biyo. Ni na ce ta wuce."

Tafinta ya dube ni kamar bai ji ba. Na maimaita. Na ce ta tsaya gabana, na ga ta rufe ɗan har kai, na san ya kamata in kwance. Likita ya tambaya ko wani abu ta ba ni. Na ce ko goro. Ya ce to don mi?

Na ce, "Na gaji ne. Na kasa ɗaga hannuna."

Tafinta ya juya masa. Na ga bai gane ba. Ya sake tambaya, gajiya kawai? Na ce gajiya kawai. Ba ni da wata kalma da ta fi wannan, da ina da ita da na ba shi.

Ya ce in sauke mayafi. Na ce ina takaba. Malam Halliru da Baba Dabo sunka juya baya, na sauke. Likita ya matso ya duba kuncina, ya juya yatsuna, ya danna ƙafata ya ga wurin ya lotsa bai taso ba. Ya ce ba agana ba ce. Na ce na sani. Ya ce ya taɓa ganin irinsa sau ɗaya a ƙasarsu, ga wata mace. Na ce mi anka yi mata? Tafinta bai juya wannan ba, ko kuwa Likita bai amsa ba. Ya ce dai in guji rana.

In guji rana. A Illela, a watan bazara.

An fasa kai matar gaban alƙali. Da za a mai da ita bukkoki ta dube ni sau ɗaya. Ban san mi ke cikin kallon ba, ba godiya ba ce.

Alhamis, 9 ga Safar, hantsi

Malam Halliru ya zo da kansa, ya tsaya bakin ƙofa. Ya ce ya roƙi Likita a bar ni kwana ukun, har sau biyu. Likita ya ce ɗakin ma'aikaci ne, Lubabatu za ta kama aiki gobe, kuma sai an wanke ɗakin an ƙone tabarmi kafin ta shiga. Ya ce, "Ki yafe mini, matar Malam." Na ce ba ka yi mini komi ba.

Ya ce, "Da kin yi shiru."

Na ce da na yi.

Na ja layin yau tun da asuba, kafin ya zo. Ɗari da ashirin da biyar. Kayana ƙullin zane ɗaya ne da gafakarka. Baba Dabo ya ɗauka, Inna Baraka ta riƙe ni. Gidanta taku arba'in ne, mun huta sau biyu.

Juma'a, 10 ga Safar, azahar

Ɗakin Inna Baraka. Na tashi da asuba na nemi gawayi, sannan na tuna.

Asabar, 11 ga Safar, la'asar

Ruwan farko ya sauka. Kowa ya fita da ƙwarya da shewa. Na ji shi bisa jinka, na koma barci.

Bakwai a Kalmalo.

Lahadi, 12 ga Safar, bayan azahar

Inna Baraka ta dafa ruwa tun da safe, ta kwaɓa lalle, ta fito da sabon zane. Ta ce, "Tashi ɗiyata, yau kin fita." Na ce saura uku. Ta ce Liman ya ce ta cika. Ban yi gardama ba, ba ni da ƙarfinta.

Ta yi mini wanka kamar jaririya. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta ɗauko tsinken kitso da man shanu, ta kwance kallabi. Na ji hannunta ya tsaya. Matar da ba ta taɓa rufe baki ba tun da na san ta. Ta daɗe haka, sannan ta shafa mini man a hankali, ta ɗaura sabon kallabin, ta mai da tsinken cikin kwando. Ta ce lallen ma a bari sai gobe.

Da hantsi Baba Dabo ya zo da saƙon Lubabatu, wai yaya ake yi ruwan lamba ba ya lalacewa. Na gaya masa, yashi jiƙaƙƙe, guga biyu, safe da yamma, kuma kada ta bar randar kusa da ƙofa. Na ce ya gaya mata ta kwance kowane goyo, ko uwar za ta zage ta, ko hannunta zai cire.

Da zai tafi na tambaye shi bayan ƙofa, ko akwai abin da ya gani a rubuce. Ya ce an shafe ɗakin duka da farar ƙasa tun shekaranjiya, har bayan ƙofar. Ya ce ɗakin ya yi haske.